Tarihin Jona Ƙananan Hanyoyin Sadarwa da Zaren Gilashi

Nufinmu cikin wannan takarda shi ne mu bi tarihin yadda aka jona ƙananan hanyoyin sadarwa, watau irin waɗanda ke haɗa kwamfutocin ofis guda ko makaranta guda, da manyan hanyoyin da ke kai saƙo ƙasa zuwa ƙasa a bisa haske. Kalmar "waya" aro ce, kuma asalin ma'anarta siririn ƙarfe. Abin da za mu yi magana a kansa kuwa ba ƙarfe cikinsa, saboda haka "zaren gilashi" za mu kira shi, domin gilashi ne aka ja har ya yi siranta kamar gashin kai.

Mai karatu ya tuna da jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano cikin 1911, amma gyaɗar da ya riƙa kwasa zuwa Ikko, watau Legas, jakuna da raƙuma ne su ke kawo ta tasha daga ƙauyuka. Haka sha'anin sadarwa ya ke: babbar hanya ba ta amfanar wanda bai sami abin da zai kai shi bakinta ba.

Tun da farko masana sun san haske na bin gilashi, amma irin gilashin da a ke da shi a lokacin, kafin haske ya ci mita 20 cikinsa, kashi ɗaya cikin ɗari kaɗai ke saura. Cikin 1966 Charles Kao da George Hockham, waɗanda ke aiki a Harlow ta Ingila, suka nuna cewa dauɗar da ke cikin gilashin ce ke shanye hasken, in an tace shi zai kai saƙo nesa. Cikin 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zaren da ya tabbatar da maganarsu. Sa'an nan cikin 1988 aka shimfiɗa TAT-8 a ƙarƙashin tekun Atlantika, daga Amurka zuwa Ingila da Faransa, mai iya ɗaukar maganar tarho 40,000 a lokaci guda.

Yadda abin ya ke aiki shi ne, a kan farfasa saƙo ya zama ƙananan alamu, kowace ana ce mata "bit", fitilar lesa kuwa ta yi ta walƙiya da su cikin zaren. Cikin 1987 David Payne da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton suka gano hanyar ƙara wa hasken ƙarfi ba tare da an mai da shi lantarki ba. Bayan wannan aka fara tura haske launi-launi cikin zare guda, kowane launi da nasa saƙo, har zare ɗaya ya koma tamkar zaruruwa masu yawa.

To, alhali babbar hanya na wannan gudu, ƙaramar tana tafiyar jaki. Tsarin Ethernet, wanda Robert Metcalfe ya fito da shi cikin 1973 a kamfanin Xerox don haɗa kwamfutocin gini guda, bit kusan miliyan 3 ya ke turawa cikin daƙiƙa, a bisa wayar tagulla. Mutumin da ke gida kuwa, har ƙarshen shekarun 1990 da layin tarho ya ke shiga intanet, iyakarsa bit 56,000. Ƙari ga wannan, manyan hanyoyin an gina su ne don maganar tarho, ƙananan kuwa don kwamfuta, kowace da nata tsarin shirya saƙo, sai an sa na'urar da za ta yi tafinta tsakaninsu.

Ta fuska biyu aka ɓullo wa matsalar. Ta farko, aka yi ta ƙara wa Ethernet sauri, aka kuma koya masa hawa zaren gilashi: bit miliyan 1,000 cikin 1998, ninkin wannan goma cikin 2002, ninkinsa ɗari cikin 2010. Da haka harshen ƙaramar hanya ya zama shi ne yawancin manyan ke ji. Ta biyu, aka kai zaren har ƙofar gida. Zare guda zai fito daga tashar kamfani, in ya iso unguwa a sa ɗan gilashin da zai raba haskensa ga gidaje 32 ko 64. Mai rabawar nan ba ya bukatar lantarki. A kowane gida akwai ɗan akwati mai mai da haske lantarki.

Mu dawo ƙasarmu. Wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku ta haɗa Ikko da Landan tun 1886. Zaren gilashi kuwa ya fara aiki da SAT-3 cikin 2002, yana hannun NITEL ita kaɗai, saboda haka ya yi tsada. Cikin 2010 aka ƙaddamar da MainOne da Glo-1, cikin 2012 WACS da ACE, cikin 2022 kuma Equiano. Bakin teku ya cika ya batse, amma tsakanin Ikko da Kano tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, kuma kowace mita sai an haƙa rami an biya kuɗin izni. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Cikin 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta yarda a riƙa karɓar naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Cikin 2020 Jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Nijar da Cadi kuwa, da ya ke ba su da teku, dole zarensu ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai ga na ruwa.

Akwai wata jonawa kuma da ba a cika lura da ita ba. Dā, saƙon da ya tashi daga wani kamfani a Nijeriya zuwa wani na kusa da shi, sau da yawa sai ya je Turai ya komo. Cikin 2006 aka kafa mahaɗar IXPN a Ikko domin kamfanoni su riƙa musayar saƙo a gida, daga baya aka buɗe rassanta a wasu birane, har da Abuja da Kano.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, masana sun daɗe da shawo kan gudun haske cikin zare. Abin da ya rage aiki ne na haƙa rami, da kuɗin izni, da lantarkin da zai riƙe na'urori, da tsare zaren daga masu gyaran titi. A nan ne a ke yanke ko ɗalibin Zariya ko Damagaram zai buɗe littafin da ke ajiye a wata nahiya cikin ƙiftawar ido, ko kuwa zai zauna jira.