Yadda Intanet Ta Iso Birnin Kudu Da Gwaram

Yau mun ɗan jingine labarin da muke kawo muku, mu waiwayi baya kaɗan.

Duk wanda ya koyi kwamfuta a zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, zai tuna akwatin da ke jagorantar mai koyo wajen haɗa intanet. Sai ya tambaye ka suna, da kalmar sirri, da lambar tarhon da kwamfutar za ta kira. To nan gizo ke saƙa. An tsara shi ne don gidan da ke da wayar tarho ta ƙasa, irin ta NITEL. A Gwaram kuwa, gida nawa ke da ita? Ko a Kano mai layin sai ya yi haƙuri, don gudun bai wuce kilobit 56 ba, ga ƙarar na'urar kamar gyare.

Saboda haka mu ta sama ta zo mana. Gwamna Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, ya zuba kuɗi a harkar, ya kafa kamfanin Galaxy da makarantar Informatics ta Kazaure. An sha yi masa dariya, wai jihar manoma me za ta yi da kwamfuta. Ni dai a ganina ya hango nesa, ko da yake amfanin bai sauko ƙauye da wuri ba. Shagunan kafe kuma faifan tauraron ɗan'adam suke kafawa, a sayar maka da awa, janareto na ruri.

Abin da ya sauya al'amari shi ne wayar salula. MTN da Econet sun fara aiki a Agustan 2001, Glo ya biyo a 2003, aka ba da lasisin 3G a 2007. Daga nan modem ɗin da ake cusa wa SIM ya bazu. Ka soka shi a jikin kwamfuta, ka rubuta adireshin kamfanin layin, ta kira *99#, shi ke nan. Wanda ya iya wannan saitin a gari, malam ake ce masa, har da ɗan na goro.

Mu marubuta a da sai mu ɗauki rubutunmu a jaka, mu shiga mota zuwa Kano wajen masu bugawa. Da modem ya samu, babi ya koma tafiya ta imel, in dai sabis bai ɗauke ba.