Tarihin Na'urar da ke Kashe Gobarar Ɗakin Injin Jirgin Ruwa da Kanta

Maƙalar wannan makon za ta kai mu ƙarƙashin jirgin ruwa, cikin ɗakin inji. Kwale-kwalen da muka sani a Yawuri injinsa a waje yake, iska na dukansa. Jiragen da nake magana a kansu kuwa injinsu a kulle yake cikin ɗaki, tare da mai, da wayoyin lantarki, da ƙarfe mai zafi. Idan wuta ta kama a nan, wanda ya ɗaga murfi don ya leƙa ya ba ta iskar da take nema. Don haka aka daɗe ana neman abin da zai kashe ta ba tare da an buɗe ƙofa ba.

Dabarar ba a ruwa ta faro ba. A 1874 wani Ba'amurke, Henry Parmelee, ya sa wa masana'antarsa ta ƙera fiyano bututun ruwa da aka toshe bakinsu da dalma. Zafi na narkar da dalmar, sai ruwa ya zubo. Frederick Grinnell ya gyara ƙirar a 1881. Har gobe wannan ne tushen abin: zafin wutar ne ke buɗe wa maganinta hanya.

Sai dai ruwa ba abokin jirgi ba ne. Idan ya yi yawa ya nutsar da shi, kuma mai kan taso samansa ya ci gaba da ci. An koma ga tururi, shi kuma ya riƙa lalata kayan da aka yi lodi. Kamfanin Walter Kidde na Amurka, wanda ya sayi wata fasahar gano wuta a jirgi a 1918, shi ya maye gurbin tururin da iskar kabon dayoksaid. Ba ta jiƙa komai, ba ta barin datti, shaƙe wuta kawai take yi. Matsalar ita ce yadda take shaƙe wuta haka take shaƙe mutum. Sai ta cika wajen kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na ɗakin kafin ta yi aiki, alhali kashi 10 ma ya isa ya sumar da ƙato. Shi ya sa a manyan jirage ba a yarda ta saki kanta ba. Sai an kaɗa jiniya, an ƙirga ma'aikata, an rufe ƙofofi, sannan wani ya ja hannu. Duk da wannan taka-tsantsan, a Mayun 2019 iskar ta kwace a wani jirgin dakon kaya a Weihai ta ƙasar Sin, mutum 10 suka rasu, ba tare da wuta ta tashi ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu binciken rundunar sojan Amurka ya fito da halon 1301, kuma nan ne labarin ya fi ja mini hankali. A kwalejin kimiyya da fasaha an koya mana cewa wuta na tsaye a kan duwatsun murhu uku: abin ƙonawa, zafi da iska. Halon bai damu da ture ko ɗaya ba. Shiga yake tsakanin sinadaran da ke haɗuwa su haifi harshen wuta, ya raba su. Kashi 5 cikin 100 ya wadatar, mutum kuma zai iya numfashi har ya fita. Da shi ne masu ƙananan jirage suka sami abin da suke so: 'yar tukunya a manne da bangon ɗakin inji, bakinta toshe da abin da ke fashewa ko narkewa a wajen digiri 79. Mai jirgi na can sama riƙe da sitiyari, ita ta gama aikinta. Sharaɗi ɗaya ne, injin dizal ya mutu nan take, in ba haka ba zai zuƙe iskar ya fitar ta salansa, wuta ta dawo.

Ashe maganin na cin wani wuri. Sinadarin buromin da ke cikinsa yana cinye rufin ozon da ke kare mu daga zafin hasken rana. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta sa shi a jerin abubuwan da za a daina, kuma a 1994 ƙasashe masu arziki suka tsayar da sarrafa shi. Magajinsa FM-200 bai taɓa ozon, amma wajen ɗumama duniya ya ninka kabon dayoksaid sama da sau 3,000, abin da ya sa gyaran Kigali na 2016 ya haɗa da danginsa cikin waɗanda za a rage.

Manyan jirage kuma suka sake waiwayar ruwa, amma a wannan karon feshi ne mai laushi kamar hazo. Kamfanin Marioff na Finlan ya fito da nasa, Hi-Fog, a farkon shekarun 1990. Shi ne a jirgin yawon buɗe ido Carnival Splendor ranar 8 ga Nuwamba, 2010, lokacin da wani injinsa ya fashe a tekun da ke kusa da Meziko. Na'urar gano wuta ta yi kururuwa yadda aka tsara ta. Wani ma'aikaci a ɗakin tuƙi ya danna maɓallin mayar da ita farko, kamar yadda binciken masu tsaron gaɓar tekun Amurka ya nuna, sai feshin ya makara da minti 15. Kafin nan wuta ta kama wayoyin da ke saman injin. Da aka koma ga kabon dayoksaid, ita ma ta ƙi fita. Ba a rasa rai ba, amma mutum kusan 4,500 suka yi kwana 3 babu lantarki, ana jan jirginsu da igiya har tashar San Diyego.