Sarkin Kabi Sama'ila da Riƙon Argungu

Sa'ad da Sama'ila ɗan Yakubu Nabame ya hau gadon sarautar Kabi a 1883, Argungu gari ne na mutanen da aka raba da gidansu. Babban birnin kakanninsu, watau Birnin Kabi, ya fita hannunsu tun 1805 da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci shi. Nabame ne ya sake ta da tutar Kabawa a Argungu a 1849. Bayansa aka yi amana da Sakkwato, wadda ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, amma ta warware a 1875 a kan maganar garin Fanna. Saboda haka abin da Sama'ila ya gada yaƙi ne, ga Sakkwato daga arewa maso gabas, ga Gwandu kusa ƙwarai.

In ana maganar tsaron gari, ba a yi wa Sama'ila gardama. Ganuwa ce ta kewaye Argungu, fadamar Gulbin Kabi kuwa ta zama masa ganuwa ta biyu, don da damina doki ba ya ratsa ta, sai jirgi, jiragen kuma na Kabawa ne. Ga shi yana da abokan yaƙi, Arawa da Zabarmawa da mutanen Dandi. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi Ɗanyen Kasko, ya tara runduna ya zo Argungu da kansa, aka kore shi, ya koma ba tare da ya shiga garin ba. Tun daga nan Sakkwato ba ta sake kawo wa Argungu yaƙi irin wannan ba.

Amma fa a lura da irin lafiyar da aka samu. Lafiya ce ta cikin ganuwa. Dabarar Sama'ila ita ce ya kai wa abokan gaba hari kafin su kawo masa, har ana cewa garuruwa casa'in ya ƙone. Kowane gari da ya ci wuta kuwa akwai masu jiran ranar ramuwa, ba a kan sarki za su rama ba, sai a kan manomin da ya yi nisa da ƙofar gari, da mace mai zuwa itace. Fataken da ke bin wannan hanya zuwa Gwanja sayen goro su ma sun ji jiki. Mai yabon sarki ya ce ya hana a ci Argungu, gaskiya ne. Mai suka ya ce a zamaninsa hanya ba ta biyuwa sai da rakiya, shi ma bai yi ƙarya ba.

Zuwan Turawa ne ya sake lissafi. Sama'ila bai yaƙe su ba, ya karɓi Ingilishi hannu biyu, har suka girke soja a Argungu a 1902, waɗanda aka haɗa da rundunar da ta ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Mutumin da ya shekara ashirin yana yaƙi ya gane ƙarfin da ba a ja da shi, ya tsirar da garinsa ko bukka ba a ƙone ba. Wannan, a ganin mai duban tarihi, ya fi korar Ɗanyen Kasko nuna hankalinsa, ko da yake maroƙa ba su cika ambatonsa ba.

To, sai maganar kuɗi, a nan ne abin ya yi masa tsada. Dā taskar sarki ganima ce, da gaisuwar garuruwa, da abin da ake karɓa wurin fatake da masu fito. Da aka hana hari da cinikin bayi, ganima ta ƙare. Sa'an nan Ingila da Faransa suka yi ta ja da gyaran iyaka, a 1898 da 1904 da 1906, ba su tambayi Sarkin Kabi ba, Doso da Dogon Dutsi suka faɗa wajen Faransa, abin da ya rage a hannunsa bai kai abin da yake taƙama da shi dā ba. Wajen 1911 aka shiga kafa baitulmali a ƙasashen sarakunan Arewa: a tara haraji da jangali, Gwamnati ta ɗauki kasonta, saura ya shiga littafin En'e, a yanka wa sarki da alƙali da dogarai albashi. Sarkin da ya saba kyautar doki nan take sai ga shi kuɗinsa na hannun ma'aji. Talaka dai ya huta da fargabar hari, sai dai kowace shekara mallamin haraji na tafe.

Abin da ya fi ciwo shi ne Birnin Kabi. Kabawa sun yi tsammanin abotarsu da Turawa za ta mayar musu da shi. Ba haka aka yi ba. Bayan tashin Satiru a 1906 aka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru, aka naɗa Haliru Abdu, aka mai da mazaunin sarautar Gwandu Birnin Kabi. Garin da ya daɗe a raunane ya farfaɗo, ya sami fada da kotu da baitulmali, daga baya ya sami asibitin da ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya, a 1991 kuma ya zama babban birnin Jihar Kebbi. Duk wannan gyara an yi shi ne a hannun zuriyar wanda ya ci garin.

Sama'ila ya rasu a 1915, bayan shekara 32 yana sarauta. Sulhu sosai da Sakkwato sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka yi masa su a Matan Fada, wanda shi ne asalin bikin kamun kifin Argungu. Tsohuwar fadar da Sama'ila ya zauna kuwa, sarakuna sun bar ta a 1942, aka buɗe ta gidan kayan tarihi na Kanta a 1958.