Kwatas, rumbu da buhun tallafi a Kafanchan

Layin dogo ne ya raya Kafanchan. A 1927 garin ya zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal yake rabuwa, wani ya nufi Kaduna, wani ya hau Jos. Hukumar jirgin ta gina wa ma'aikatanta kwatas, don haka lebura ko makaniki ya samu albashi da wurin kwana a lokaci guda. Ɗaki ɗaya na kwatas kuwa ba mutum ɗaya yake ɗauka ba: ƙane da ya zo neman aiki da ɗan 'yar'uwa mai karatu duk nan suke raɓawa. A ƙauyukan kewaye, wajen Kagoro da Kwoi, rumbu ne ke riƙe da gida. Acca da dawa suna cikinsa suna jiran damina, lokacin da abinci ke yankewa, gayya kuma tana nome gonar wanda ƙarfinsa ya gaza, ta yi masa jinka. Abin da ya haɗa kwatas da rumbu shi ne suna nan tun kafin buƙata ta taso.

Za a ce kwatas na ma'aikata ne kawai, kuma Turawa sun gina su ne don jirgi ya tashi a kan lokaci, ba don tausayin talaka ba. Haka ne, har ma gidajen manya daban, na leburori daban. Sai dai albashin nan a kasuwar garin yake ƙarewa, a hannun mai tuwo da manomin doya. Da harkar jirgi ta durƙushe daga shekarun 1980, garin ya rasa wannan madogara, talaka ya koma hannun mai gidan haya.

Abin da ya maye gurbinta shi ne agaji mai bin bayan masifa. Bayan rikicin zaɓen 2011, da kasuwar Kafanchan ta ƙone, hukumomin agaji irin su NEMA sun kai hatsi da barguna. A 2023 an cire tallafin man fetur, cuta kuma ta cinye citta a gonakin Kachia da Jaba, aka sake rabon buhuna. Wanda gidansa ya ƙone ba zai raina mudun shinkafa ba, kuma bai kamata a raina masa ba. Amma iyalin da kuɗin haya ke cinye abin cefanensu kowane wata ba sa cikin jerin sunayen masu karɓar agaji, domin babu gobarar da za su nuna.