Ranar da Ƙidaya Ta Daina Tambayar Ƙabila

'Yan uwana mata, ko kun san an yi zamanin da malamin ƙidaya in ya tsaya a zaure sai ya tambayi ƙabilar mutum da addininsa? Haka aka yi a ƙidayar Turawa ta 1952 zuwa 1953, haka ma a ta 1963, wadda ta ce 'yan Nijeriya miliyan 55 da ɗoriya ne. Suna ɗaya tak ake rubuta wa kowa: ko Bahaushe, ko Bafulatani, ko Babarbare.

To ni tambayata, a nan Yalwan Damai da sauran ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, me za a rubuta wa yarinyar da ubanta Bafulatani ne, uwarta Bahaushiya, kakarta kuma Bawarjiya? A al'adarmu ɗa uba yake bi, dangin uwa kuwa ko oho.

Ƙidayar 1973 ta jawo rigimar da ta sa Janar Murtala ya soke ta a 1975. Da aka zo ta Nuwamban 1991, wata uku bayan an yanke Jigawa daga Kano, sai gwamnatin Babangida ta cire tambayar ƙabila da addini ɗungurungum. Ta 2006 ma haka.

An kauce wa fitina, amma fa riƙon asali ya dawo ɗakin uwa. In ba ki gaya wa 'yarki sunan kakarta da yaren da take yi ba, wallahi ba takardar gwamnati da za ta gaya mata. Allah ya sa mu dace.