Karta mai raba kuɗi biyu: yadda mutum ke ci amma aljihunsa na raguwa

Shirin yau na tarihi ne, amma abin da ya jawo shi a nan gida Gwashi ya faru. Kwanakin baya ina zaune wurin mai cajin waya, sai wani ƙanena da ya dawo daga ramin zinare ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Yaya, duba mini. Sau uku wayar nan tana rubuta mini na ci, amma kuɗin sai raguwa suke yi." Na duba, ashe foka yake bugawa, wato wata karta ta Amurkawa, kuma irin wadda ake raba kuɗin tsakiya gida biyu. Lissafin wayar daidai yake. Haka aka gina wasan tun asali. To bari mu bi sawunsa.

Da yawanmu mun ɗauka karta kayan Turawa ce. A'a. Kafin ta shiga Turai, ana buga ta a Masar zamanin sarakunan Mamluk. Har yau akwai wani tsohon jerin katunansu a fadar Topkapi da ke Istanbul, mai zanen kofuna da tsabar kuɗi da takubba da sandunan wasan doki. A shekarun 1370 karta ta isa Turai, kuma a 1377 mahukuntan birnin Florence na Italiya har sun kafa dokar hana ta. Kun ga ke nan rigima tsakanin hukuma da 'yan karta ta girmi kakannin kakanninmu.

Ita kuwa foka a Amurka aka haife ta. Wani ɗan wasan kwaikwayo Baturen Ingila, Joseph Cowell, ya ba da labarin yadda ake buga ta a yankin New Orleans a 1829, mutum huɗu da kati 20 kacal. Daga nan jiragen ruwan kogin Mississippi suka yaɗa ta, aka koma kati 52. Sojojin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 suka ƙara mata salo. A duk wannan lokaci doka ɗaya ce: mai hannu mafi ƙarfi shi ke kwashe kuɗin tsakiya duka.

Wannan doka tana da matsala ga mai neman kuɗi ya taru. Duk wanda ya ga katunansa ƙanana ne sai ya ajiye ya fita. Wajen 1900 sai aka fito da sabon salo: a raba kuɗin biyu, rabi ga mai hannu mafi girma, rabi ga mai hannu mafi ƙanƙanta. Yanzu mai tarkacen kati ma yana da dalilin zama ya ci gaba da zubi. A 1982 gidan caca na Golden Nugget da ke Las Vegas ya fara buga wani nau'i da ake kira Omaha, kuma salonsa na raba biyu shi ne ƙanen nawa ya faɗa ciki.

Ga yadda yake. Ana ba kowa kati huɗu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya. Dole ka yi amfani da biyu naka da uku na tsakiya. Kafin a ba ka rabin ƙasa, sai ka haɗa kati biyar mabambanta da babu wanda ya wuce takwas. Idan babu wanda ya haɗa hakan, mai hannun sama ya kwashe duka. Mafi kyawun hannun ƙasa shi ne 1, 2, 3, 4, 5, kuma da yake jeri ne, yana iya cin saman ma.

To yanzu mu yi lissafi, a nan maganar take. A ce ku biyu ne, kowa ya zuba naira 10,000. Kai ka ci sama, shi ya ci ƙasa. An raba, kowa ya koma da 10,000 ɗinsa. Amma gidan cacar yana cire la'adarsa. A ce kashi 5 cikin 100 ne, to 9,500 za ka karɓa. Waya ta rubuta maka ka ci, alhali ka yi asarar 500.

Ga wanda ya fi wannan ciwo. Ku uku ne, kowa ya zuba 10,000, an tara 30,000. Mutum ɗaya ya ci sama, ya ɗauki 15,000. Kai da ɗayan kuna da hannun ƙasa iri ɗaya, kuma babu wanda ya fi shi kyau a teburin. Sai ku raba 15,000, kowa 7,500. Kana riƙe da hannun da ba a iya doke shi, amma 2,500 ta tafi tun kafin a cire la'ada.

Shi ya sa ƙwararrun wasan suka tsaya kan abu biyu. Na farko, idan hannunka gefe ɗaya kawai yake ci, ribarka tana cikin yawan mutane. Ku huɗu kowa 10,000, rabin 40,000 shi ne 20,000, ka samu 10,000 a kai. Saboda haka mai irin wannan hannu ba ya ƙara zubi ya kori mutane, lallaɓa su yake su zauna. Na biyu, babbar riba tana wurin wanda katunansa ke neman sama da ƙasa a lokaci ɗaya, shi ne ke matsa zubi don ya kwashe duka. Ku lura da kyau: duka dabarun biyu suna bukatar wanda zai zauna yana zubi yana farautar rabi. In ka kasa gane wane ne wannan mutumin a teburin, ɗan'uwa, kai ne.

Mu dawo gida. Karta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma wa bai taɓa ganin ana buga Whot a gindin bishiya ba? Ita ma daga Ingila ta zo, William Henry Storey ya ƙirƙiro ta a 1935. A ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, caca ta shiga jerin abubuwan da doka ta hana a Zamfara. A wancan lokaci ɗan caca yana bukatar tabarma da abokai da lungu, kuma unguwa ta san shi. Yau tabarmar tana cikin aljihu. Yaro a Gwashi ko Anka ko Gummi yana kwance a ɗakinsa yana zubi da mutumin da bai taɓa gani ba, wanda wataƙila ya shekara ashirin yana wannan lissafin da na yi muku. Uwarsa ma da ke tsakar gida ba ta san abin da ake ciki ba.

Hukuncin caca a addini kowa ya san shi, malamanmu sun yi bayani. Abin da nake so in ƙara shi ne lissafin. Dan Florence na 1377 da matafiyin jirgin Mississippi da ƙanena mai haƙar zinare, teburi ɗaya suka zauna. Wani ya ci yau, wani gobe, amma mai gida yana cire la'adarsa a kowane zagaye, ko wa ya ci.

Na zauna da ƙanen nan nawa muka buɗe tarihin zubinsa, muka tara abin da ya shiga da abin da ya fita a takarda. Da muka kai ƙarshe ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, wallahi kuɗin nan da taki na saya." Duk wanda ke da irin wannan manhaja a wayarsa, ina roƙonsa ya yi wannan tarawa a daren yau, da biro da takarda, kada ya tsallake ko zagaye ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu zaman lafiya a yankinmu.