Daga hannun direba zuwa kunnen bakanike

A farkon zamanin mota, saita lokacin da wuta ke tashi a cikin inji aikin direba ne da kansa, domin kuwa motar Ford da ake kira Model T, wadda aka fara ƙerawa a Amurka a 1908, tana da ɗan maɗauri a gefen hagu na sitiyari, wanda mai tuƙi kan ja ya jinkirta tartsatsin filogi yayin tada inji, sa'an nan ya gaggauta shi idan tafiya ta miƙa. Wanda ya gafala da wannan sharaɗi ya kama hannun juya inji, to, injin na iya harbawa baya ya karya masa damtse, kuma an karya da yawa.

Sababin wannan kuwa bayyananne ne ga mai tadabburi: fetur da iska ba su ƙonewa nan take, suna bukatar ɗan taƙi, saboda haka wajibi ne wuta ta tashi kafin fistan ya kai ƙololuwarsa, kuma gwargwadon saurin inji gwargwadon yadda za a gabatar da ita. Idan ta yi gaggawa fiye da kima inji ya riƙa ƙwanƙwasa yana cin kansa, idan ta makara ya yi sanyin jiki, ya sha mai, ya yi zafi a banza. Tsarin kwayil da kwantak da Charles Kettering ya kawo wa Cadillac a 1910 shi ya zama asalin da aka bi shekara sittin da ɗoriya, kuma daga baya aka sa wa distirbuta, wato na'urar da ke rarraba wuta ga filogi, wasu ƙananan ƙarafa masu buɗewa da saurin juyi, har maɗaurin nan ya ɓace daga sitiyari, alhakin ya koma wuyan bakanike.

Motar da ta fi koya wa duniya wannan fanni, a ganina, ita ce Kombi ta kamfanin Volkswagen, wadda ta fito a Jamus a 1950 da injinta a baya, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, ita ce kuma mutanen Legas suka fara kira danfo. Da kamfanin ya buɗe masana'antarsa a Legas a 1975, shekarar da Fijo ma ta buɗe tata a Kaduna, sai garejin bakin titi ya zama makaranta mai malami da almajirai, inda yaro kan shekara yana miƙa sifana yana wanke ƙarafa da fetur kafin a yarda ya taɓa distirbuta.

Abin da ya raba gwani da mai tsammani shi ne tartibi. Idan aka kawo mota tana kakkarwa a tsaye, sulo ba ya zama, wanda bai ƙware ba sai ya ɗauki sukudireba ya faɗa wa kafireto, alhali kuwa kafireto shi ne na ƙarshe a ƙa'ida. Gwani yakan bar inji ya huce tukuna, ya auna bawul, wanda a injin Kombi tazararsa 0.15 ce ta milimita, sa'an nan ya duba kwantak ya mai da tazararsa 0.4, domin ya san cewa ɗan robar da ke goga da sandar distirbuta yana cinyewa a hankali, tazara ta matse, wuta ta makara ba tare da kowa ya taɓa kome ba. Bayan haka yakan juya fulin inji da hannu har tsagin da ke jikinsa ya yi daidai da mahaɗar jikin injin, ya sassauta noti, ya maƙala ɗan ƙwan fitila, ya murɗa distirbuta sannu a hankali har ƙwan ya kama, ya ɗaure. Idan duk da haka rawar ba ta daina ba, galibi iska ce ke satar hanya ta robar da ta tsattsage tsakanin kafireto da kan inji, wanda babu juya sukurun da zai magance shi.

Akwai kuma masu saitawa da kunne kaɗai, suna murɗawa har inji ya yi ƙara mai daɗi, kuma ba na musun cewa a cikinsu akwai masu basira ta haƙiƙa. Sai dai kunne yana son wutar da ta yi gaggawa, domin a tsaye ita ta fi daɗin ji, injin da iska ke sanyayawa kuwa, ɗauke da lodi a zafin bazara, ba ya yafe wannan, musamman silinda ta uku a tsofaffin injuna, wadda ma'ajin sanyaya baƙin mai ke tare mata iska, ita ce kan fara ƙona bawul.

Tun daga 1973, lokacin da Chrysler ya sa wutar lantarki marar kwantak a dukkan motocinsa na Amurka, sana'ar ta fara sauya kama, har aka kai ga injunan da ba su da distirbuta sam, kwamfutar mota ce ke yanke hukuncin lokacin kowace wuta. Almajirin yau na'urar karanta cuta yake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, kuma mai tsohuwar Kombi ko tsohuwar Fijo, idan sulonta ya rikice, sai ya yi cigiya a gari kafin a nuna masa dattijon da har yanzu yake ajiye da ma'aunin tazara a akwatinsa.